Abin da na Tarar a Ƙarƙashin Kujerar Yaya



 

'Yan'uwa matasa, na daɗe ina jan ƙafa wajen rubuta wannan labari, domin ya shafi ɗan'uwana na jini, ya kuma shafi wani sakaci nawa wanda ba na alfahari da shi. Sai da na nemi izininsa, ya ce in rubuta, da sharaɗin kada in kama suna. Saboda haka zan kira shi da abin da nake kiransa tun ina ƙarami, wato Yaya. Abin da ya sa na ga rubutun ya zama dole kuwa, shi ne yawan tambayar da samari ke yi mini bayan darasi, wasu a fili wasu a asirce: Malam, mene ne hukuncin mutum ya nemi ƙaramar bindiga ya ajiye a motarsa saboda halin da ake ciki? A da nakan amsa daga littafi. Yanzu kuwa idan aka yi mini tambayar, abin da nake fara gani shi ne goshin wani yaro.

Yaya ɗan kasuwar hatsi ne a Kawo. Yana da tsohuwar a-kori-kura ƙirar Hilux, wadda a da fara ce, da ita yake ɗauko masara da dawa da waken suya daga kasuwannin ƙauye, musamman ta ɓangaren Birnin Gwari. Mu kuma dangi da ita muke kowace hidima: kayan amarya, ƙaura, ragon suna, har ɗaukar makara. A wata Asabar ta ƙarshen daminar 2022, ana gobe walimar saukar Alƙur'ani a Islamiyyar da nake koyarwa a Unguwar Dosa, na are ta domin ɗauko kujerun roba da rumfuna. Yaya yana barci, matarsa ce ta miƙo mini makulli.

Da hantsi muka isa wurin masu hayar kujeru ta wajen Unguwar Sarki. Ɗalibai huɗu na ɗauka: manya biyu a baya saboda lodi, ƙanana biyu a gaba kusa da ni saboda sun nace, kuma ɗayansu yana cikin masu sauka, na ga ya cancanci ɗan yawo. Shekararsa goma sha ɗaya, abokin nasa bai kai shi ba. Na shiga ciki da manyan domin ƙirga kujeru da biyan kuɗi, na bar ƙananan a mota. Ban fi minti goma ba.

Ina fitowa sai na hango su ta gilashin gaba suna ta dariya. Babban yana riƙe da wani baƙin abu da hannu biyu, ya saita shi daidai goshin ƙaramin, shi kuma ya ɗaga hannuwa sama kamar yadda suke gani a fina-finai. Da farko zuciyata ta ce abin wasa ne irin wanda ake saya wa yara da Sallah. Amma abin wasa ba ya rinjayar hannun yaro. Na ga bakin abin yana sunkuyawa, yaron yana sake ɗago shi da ƙyar, nan take na gane ƙarfe ne.

Har gobe ina gode wa Allah da Ya kame bakina. Da na yi ihu da ya firgita, alhali yatsansa yana jikin kunama. Na taka a hankali, na tsaya jikin ƙofa, na yi magana da muryar da nake cewa a buɗe shafi na gaba: "Sauke shi, ka ajiye a kan kujera in gani." Ya ajiye yana murmushi, ya ce: "Malam, nauyi gare ta." Ashe alawa ce ta suɓuce masa ta gangara ƙarƙashin kujerar direba, ya zura hannu, ya taɓo wata tsohuwar hular sanyi da abu a cikinta.

Na mayar da ita cikin hular hannuna yana rawa, ban ma san ta ina ake duba ko da harsashi a ciki ba. Na tsayar da Keke, na zuba yaran huɗu, na biya, na ce su koma makaranta. Na kulle motar, na kira Yaya, na ce masa ya zo yanzu, na kashe waya. Sannan na zauna a kan wani dakali a gefen titin Ali Akilu, ina kallon motar kamar wanda aka bai wa gadin maciji.

A wannan zaman ne wani tsoro na biyu ya sauko mini. Duk motar jami'an tsaro da ta gifta sai gabana ya faɗi. Makullin yana aljihuna, ni na tuƙo ta, da yaran mutane a ciki. Wa zai yarda ban sani ba? Kuma ya kamata matasa su san wannan, domin da yawa suna zaton lasisin bindiga kamar lasisin tuƙi ne. Dokar makamai ta Najeriya, wadda aka kafa tun 1959, ta kasa bindigogi gida uku. Irin su adaka da ake ɗurawa ta baki, Kwamishinan 'yan sandan jiha ke ba da izininsu. Bindigogin farauta, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar. Ita kuwa ƙaramar bindiga, fistol ko libarba, doka ta jera ta ne a sahu ɗaya da bindigogin yaƙi da gurneti, a matsayin haramtaccen makami wanda ba a riƙe shi sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma hukuncin wanda aka kama da ita ɗauri ne na shekara goma zuwa sama. Abin da mutane ke raina wa saboda ƙanƙantarsa, shi doka ta fi tsananta wa, domin shi ne yake ɓoyuwa a cikin hula.

Da Yaya ya iso bai ce mini komai ba. Ya karɓi makulli, ya leƙa, ya fito fuskarsa ta sauya. Ya ce: "Na manta ban cire ba." Na ce: "Akwai harsashi?" Ya ce akwai, amma ɗan makullinta yana rufe. Na ce: "Yaro ɗan shekara goma sha ɗaya ya yi minti nawa yana tattaɓa ta?" Bai amsa ba. Ya tafi da motar, na nemi wata ta haya na kwashe kujeruna.

Bayan sallar isha na same shi a ƙofar gida. Na zo da wa'azi cike da baki, amma shi ya riga ni. Kuma adalci ne in kawo hujjarsa yadda ya kawo ta, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Shekara guda kafin nan, a kan hanyar Birnin Gwari, gaba da Buruku, 'yan bindiga sun tare ayarin motocinsu. Yaya ya tsira da gudu cikin daji, ƙaya ta yayyage masa ƙafafu, amma aka tafi da yaron motarsa, wanda ya taso a hannunsa tun yana almajiri. Sai da aka sayar da filin da Yaya ya saya domin gina wa iyalinsa, sannan yaron ya dawo, ƙashi da rai, kuma har yau ba ya iya kwana a ɗakin da aka kashe fitila. Wannan duk na sani. Abin da ban sani ba shi ne, tun daga lokacin Yaya ba ya barci a daren da zai yi tafiya.

Ya ce: "Malam," haka yake kirana idan ransa ya ɓaci, "kai tafiyarka daga Unguwar Dosa zuwa masallacin Sultan Bello ce. Ni kuwa da na wuce shataletalen Mando sai in fara kalmar shahada. A watan Maris na 2021 an kwashe ɗalibai 39 a kwalejin gandun daji ta Afaka, nan bayan gidanmu. A watan Agusta aka shiga makarantar horar da hafsoshin soja, aka kashe biyu aka tafi da ɗaya. Bana an tare jirgin ƙasa sukutum. Idan an ɗauki soja a barikinsa, ni wane ne? Gwamna Masari da bakinsa ya ce mutanen Katsina su nemi makami su kare kansu. Na Zamfara ya ce a je a nemi lasisi. Kuma ba kai ka karantar da mu cewa wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa ya yi shahada ba?"

Ni na karantar. Kuma ban janye ba. Ya kai ɗan'uwa mai karatu, kada wani ya ruɗe ka cewa Musulunci addinin miƙa wuya ga azzalumi ne. Kare rai da iyali da dukiya haƙƙi ne tabbatacce, malamai sun yi masa babi a fiƙihu. A cikin Suratun Nisa'i, inda aka koyar da sallar tsoro, an umurci masu sallah su riƙe makamansu, su yi hattara. Akwai ma hadisi a wajen Imamun Nasa'i inda wani ya tambayi Annabi (SAW) game da mai zuwa ƙwace masa dukiya, aka jera masa matakai: ya tunatar da shi Allah, ya nemi taimakon Musulmin da ke kusa, ya nemi taimakon hukuma, da ya ce to idan hukuma ta yi nisa fa, sai aka ba shi izinin ya yi faɗa. Da na karanta wa Yaya wannan sai ya yi wata dariya marar daɗi, ya ce: "To tsakanin Buruku da Udawa, hukuma kusa take ko nesa?" Na yi shiru, domin gaskiya ya faɗa.

Sai dai a daren nan na gane cewa ni da shi muna jayayya ne a kan tambayar da ba ita ce a gabanmu ba. Ba wanda ya tare hanya a Unguwar Sarki da safiyar nan. Babu ɗan fashi, babu daji. Yara biyu ne da alawa. Don haka na ce masa mu bar maganar halaccin kare kai, mu yi lissafi.

Mako ɗaya awa 168 ne. Yaya yana tafiya sau biyu a mako, kuma idan aka haɗa zuwa da dawowa, lokacin da yake cikin yankin haɗari bai wuce awa goma sha biyu ba. Saura awa 156. A ina motar take a cikinsu? Tana ƙofar gida, inda 'ya'yansa biyar da na maƙwabta suke hawa suna wasan direba. Tana wajen bakanike, inda yara masu koyon aiki suke shiga ƙarƙashin kowace kujera. Tana wajen wanki. Tana bakin masallaci ranar Juma'a, gilashi a zuge. Tana hannun sabon yaron mota, ko hannun ƙanensa malamin Islamiyya da ya aro ta bai san me ya aro ba. A-kori-kura ba ɗakin sirri ba ce. Motar jama'a ce, ƙofarta ma da cokali ake buɗe ta. Mutum ya sayi bindiga saboda awa goma sha biyu, sai ya manta cewa ya ɗauki amanarta ta awa 168.

Kuma wannan ba taƙaicinmu ba ne mu kaɗai. A Amurka, inda a jihohi da dama doka ta yarda mutum ya ajiye bindiga a motarsa, kuma ake sayar da akwatunan ƙarfe na musamman domin hakan, wani rahoto da ƙungiyar Everytown ta fitar a 2024 ya nuna cewa a biranen da aka duba, fiye da rabin bindigogin da aka kai rahoton sace su a 2022 daga cikin motoci aka ɗauke su, da yawa kuma motocin suna ajiye ne a ƙofar gidajen masu su. Mai ita ya saya domin tsoron ɓarawo, ƙarshe shi ya ba ɓarawo makami. Ana maganin ƙaba kai yana kumbura.

A nan ne na ga wani abu a cikin Sunna wanda na karanta sau da yawa amma ban taɓa tsayawa a kansa ba. Sahabbai mutane ne masu makami. Takobi da kwari da baka kayan yau da kullum ne a wurinsu. Duk da haka, dubi yawan hadisan da suka zo, ba a kan yadda ake sara ko harbi ba, a'a, a kan yadda ake riƙe makami a lokacin da ba a yaƙi. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musal Ash'ari (RA) cewa an umurci mai wucewa ta masallaci ko kasuwa da kibau ya dafe tsininsu da hannunsa, don kada ya karci wani Musulmi. Karta kawai, mai karatu, ba kisa ba. An hana miƙa wa mutum takobi tsirara ba kube. An hana nuna ɗan'uwa da makami, aka kuma faɗi dalili: mutum bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa. A ruwayar Muslim har an ce mala'iku suna la'antar mai nuna ɗan'uwansa da ƙarfe, ko da uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, wato ko da an tabbata wasa ne. Shari'a ba ta dogara da kyakkyawar niyyar mai makami ba. Ta san hannu yana suɓucewa, ta san mutum yana mantuwa.

Akwai kuma ƙissar Abdullahi ɗan Umar (RA) da Imamul Bukhari ya kawo a babin Idi. A Mina, lokacin aikin Hajji, tsinin mashin wani ya soke shi a tafin ƙafa, har ƙafar ta manne da likkafa. Hajjaju ɗan Yusuf, wanda shi ne mai iko a lokacin, ya zo duba shi, yana nuna da ya san wanda ya yi da ya hukunta shi. Sai Ibn Umar ya nuna masa cewa ai shi ne ya soke shi, tunda shi ya bari aka ɗauki makami a ranar da ba a ɗauka, aka shigar da shi wurin da ba a shigarwa. Ka lura, bai tsaya neman mai mashin ba. Ya ɗora alhakin a kan wanda ya kawo makami inda bai kamata ya kasance ba. Na ce wa Yaya: "Da abin ya tashi ɗazu, ba yaron nan za a tambaya ba."

Na ƙara masa da abin da fiƙihunmu na Malikiyya ya ce. Yaron da bai balaga ba, ko da gangan ya yi kisa, hukuncinsa na kuskure ne: babu ƙisasi, amma akwai diyya, raƙuma ɗari ko dinari dubu, a kan danginsa na wajen uba. Mahaifin yaron nan tela ne, keken ɗinki ɗaya gare shi. Wannan lissafin duniya ke nan. Ban san da wane lissafi za a auna yaron da zai tashi ya girma, ya haddace Alƙur'ani, yana sane da cewa ana gobe saukarsa ya fasa kan abokinsa ba.

Sannan na faɗa masa abin da ƙane ba ya son faɗa wa wansa. Yaya mutumin kirki ne, mai kyauta, amma yana da zuciya. Na taɓa ganin ya fito daga mota a cunkoson Kawo ya ci kwalar wani direban bas saboda an goge masa madubi. A ranar hannunsa kawai gare shi, aka raba su, aka yi dariya, har suka yi musabaha. Na ce: "Yaya, da abin nan yana ƙarƙashin cinyarka a ranar fa?" Ya ce shi ba mahaukaci ba ne. Na ce na sani. Hadisin ma ba ga mahaukata aka yi shi ba, ga sahabbai aka yi shi.

Kuma mu a Kaduna muke, ba a wani gari ba. Ina da shekarun wannan yaron a watan Fabrairu na 2000, lokacin da mahaifinmu ya kwaso mu daga kudancin kogi muka tsallako gada da abin da hannu zai iya ɗauka, muna cin karo da waɗansu iyalai, maƙwabtan wasu, suna tsallakawa ɗaya ɓangaren da irin namu ƙullin kayan da irin namu tsoron. Mun sake gani a 2002, mun sake gani a 2011. Duk wanda ya rayu a nan ya san cewa faɗan direbobi biyu a bakin kasuwa, idan aka yi rashin sa'a sunayensu suka bambanta, kafin la'asar ya zama wani labari a bakin mutanen da ba su ga komai ba. A irin wannan gari, harsashi ɗaya ba mutum ɗaya yake samu ba.

Game da awa goma sha biyun kuwa, ban ce masa bindigar ba za ta taɓa amfani ba. Ilimin gaibu na Allah ne. Tambayarsa kawai na yi: waɗanda suka tare ku, su nawa ne? Ya ce babura sun fi ashirin, kowanne da mutum biyu, kowa da AK-47. Na ce sau nawa ka taɓa harba taka? Ya ce sau ɗaya, a daji, ranar da ya saya, kuma bai sami bishiyar da ya nufa ba. Daga nan shi da kansa ya yi shiru. Can ya ce, a hankali: "Idan tana nan nakan ji kamar ni ma mutum ne." Wallahi wannan magana ta fi duk hujjojinsa nauyi a zuciyata, kuma ba ni da amsarta a cikin littattafan da na karanta, na Larabci da na jami'a. Ba kariya ya saya ba, barci ya saya. Mutumin da aka sa ya yi gudu cikin ƙaya ya bar yaronsa a baya, akwai abin da aka ƙwace masa wanda kuɗin fansa ba ya dawo da shi.

Mun rabu a daren ba tare da ya ce na yi gaskiya ba. Aka yi walima washegari, yaron ya karanta farkon Baƙara da murya mai daɗi, iyaye mata suna share hawaye, ni kuma ina kallon abokinsa a sahun gaba yana wasa da hularsa.

Kusan mako biyu Yaya ba ya ɗaga wayata. Da ya neme ni, sai ya ce ya yanke shawarar rabuwa da ita, zai mayar wa wanda ya sayar masa ko ya sami mai saye, domin kuɗi masu yawa ya zuba. Nan ma muka sake sabon zama. Na ce masa wanda zai sayi irin wannan a ɓoye, ba ka san ƙofar gidan da za ta kwana ba, kuma magabata irin su Imrana ɗan Husaini (RA) sun ƙi a sayar da makami a lokacin fitina. Ka fitar da ita daga ƙarƙashin kujerarka ka tura ta ƙarƙashin ta wani, me aka yi ke nan? Ya ce to ya jefa a kogin Kaduna? Na ce masu ɗibar yashi da yara masu wanka suna nan. A ƙarshe, da shawarar wani lauya abokin karatuna, da rakiyar wani dattijon unguwa da ake jin maganarsa, aka miƙa ta ga hukuma. Kuɗinsa sun tafi.

Ba kuɗin bindigar kaɗai ya rasa ba, kuma ba zan ɓoye wannan don labarina ya yi daɗi ba. Ya ce ba zai iya bin hanyar nan hannu rabbana ba, don haka ya daina zuwa. Ya koma sayen hatsi a hannun waɗanda suka kawo, ribar ta ragu ƙwarai, har ya cire 'ya'yansa biyu daga makarantar kuɗi. Matarsa, wadda ba ta san dalili ba a lokacin, ta daɗe tana ganin ni na karya masa gwiwa. Sai bayan sulhun da gwamnatin jiha ta yi a Birnin Gwari a ƙarshen 2024, aka sake buɗe kasuwar shanu da ta yi shekaru a rufe, sannan ya fara komawa, cikin ayari, da rana tsaka. Ya ce mini har yanzu idan ya wuce wurin nan, hannunsa na dama yakan sauka ƙarƙashin kujera da kansa.

Saura nawa laifin. Ni na ɗauki 'ya'yan mutane a motar da ban duba ba, ni na bar su su kaɗai. Kwana uku bayan walima yaron ya tsaya bayan an tashi, ya ce: "Malam, wai ta gaske ce?" Na so in ce masa abin wasa ne. Amma ni nake koya musu babin gaskiya, kuma idan na ce wasa ne, gobe ya ga irinta zai sake ɗauka. Na ce ta gaske ce, kuma da harsashi a ciki. Ya dube ni, ya dubi ƙofar da abokinsa ya fita, sai ya fashe da kuka.

A daren na je gidajen biyu. Mahaifin babban ya yi ta salati, ya yi mini godiya da ban ɓoye ba. Mahaifin ƙaramin kuwa, wanda aka saita wa goshi, ya saurare ni har na gama bai katse ni ba. Muna zaune a kan tabarma a zaurensa, fitilar waya a tsakaninmu. Ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan ya ƙwala wa yaron kira, ya zo, ya zaunar da shi a cinyarsa duk da ya wuce shekarun hakan, ya dafa goshinsa da tafin hannu. Ya ce: "Malam, ranar Asabar zai zo makaranta in sha Allahu. Amma don Allah kada a ƙara sa shi a mota."

Na ce to.